Me Ya Sa Ake Buɗe Rukunin Ba Da Shawara Da Wasa? Fashin Baƙi Kan Makonnin Farko Na Shekarar Karatu

A makonnin farko na shekarar karatu, malamin ba da shawara yakan zauna da sunayen da malaman aji da iyaye suka miƙo masa, ya kasa su ƙananan rukunai. Ga waɗanda suka sauyo makaranta ba su san kowa ba, ga waɗanda aka yi wa rasuwa ko iyayensu suka rabu, ga masu saurin fushi, ga waɗanda gabansu ke faɗuwa da an ambaci jarrabawa. Rukunin 'yan firamare yakan tsaya a yara uku zuwa biyar, zamansu bai cika wuce rabin awa ba. Na matasa yakan kai shida zuwa takwas, a riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon makonni shida ko takwas. A takarda komai ya tsaru. Wuyar aikin tana farawa ne ranar da yaran suka shigo ɗakin, suka zazzauna, kowa ya sunkuyar da kai.

Yaron da aka kira daga aji bai zo da shirin buɗe cikinsa ba. Tambayoyi ne fal a ransa: laifin me na yi aka zaɓo ni? Waɗannan da ke zaune, me suka sani a kaina? In na faɗi wani abu, gobe zan ji shi a bakin 'yan ajinmu? Matuƙar bai samu amsar waɗannan ba, duk darasin da aka tanadar masa kan danne fushi ko zama da mutane ta bayan kunnensa zai bi. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana a 1965 cewa ƙaramin rukuni yakan bi matakai huɗu: haɗuwa, saɓani, daidaitawa kan ƙa'ida, sannan a kai ga aiki. A matakin haɗuwa kowa taka-tsantsan yake yi, idonsa na kan jagora, yana auna abin da aka yarda da shi da wanda ba a yarda ba. Babu rukunin da ke tsallake wannan mataki, iyaka dai a sauƙaƙa shi. A nan wasa yake shigowa.

Akwai masu ɗaukar wasan a matsayin ɗan abin jan hankali kafin a shiga ainihin aiki. Ni a ganina, a makonni biyun farko wasan shi ne aikin. Tun a 1947 Virginia Axline, masaniyar halayyar ɗan Adam wadda ta yi karatu a hannun sanannen masanin fannin Carl Rogers, ta shimfiɗa hanyar jinyar yara ta wasa, bisa fahimtar cewa yaro yana fitar da abin da ke ransa ta abin da hannunsa ke yi tun kafin bakinsa ya iya tsara shi. A cikin rukuni amfanin wasa ya ma zarce haka. Yana ɗauke ido daga kan yaro: maimakon mutum biyar su zuba masa ido suna jiran ya yi magana, kowa na kallon ƙwallo ko katin da ke tsakiya. Yana kuma raba magana da adalci, domin ƙa'idar wasa ce ke cewa yanzu layin wane ne, mai surutu ba zai cinye zaman ba, mai kunya kuma ba sai ya yi kokawar samun fili ba.

Amma amfanin da na fi ba wa muhimmanci shi ne yadda wasa ke cire tambaya daga bakin babba. Idan malama ta dubi yaro ta ce, "Me ke ba ka tsoro?", abin da yaron zai ji shi ne an ware shi, an san wani abu a kansa. Idan kuwa takardar da ya zaro da hannunsa daga jaka ce ta yi tambayar, to sa'a ce ta kawo, kowa ma yana iya zaro ta. Shi ya sa dole malamin ya shiga wasan, ya zari tasa takardar, ya amsa tsakani da Allah daidai gwargwadon abin da ya dace yara su ji. Yaran suna koyon tsawon amsa da zurfinta ne daga amsarsa, ba daga bayanin da ya yi a farko ba.

Wasa ɗaya, rukuni goma

Malamin da ke da rukunai takwas a mako, daga 'yan shekara shida har zuwa 'yan sha bakwai, ba shi da lokacin ƙirƙiro sabon wasa ga kowane zama, kuma ba ya buƙata. Wasa mazubi ne, tambaya ita ce abin da ake zubawa a ciki. Wanda ya gane haka, wasanni uku ko huɗu sun ishe shi shekara guda.

A ɗauki Jenga, wasan da Leslie Scott ta fito da shi kasuwa a 1983: katakai 54 ake jerawa su yi hasumiya, kowa ya zare ɗaya ya ɗora a sama ba tare da ya rushe ta ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne rubuta tambayoyi a jikin katakan, domin daga nan wasan ya zama na rukuni ɗaya ke nan. Abin da ya fi shi ne a rubuta lamba, ko a ɗiga launi a kan kowane katako, tambayoyin kuma su zauna a takarda daban. Ga 'yan firamare a zaman farko, ja yana nufin "faɗi abin da kake so ka yi idan an tashi makaranta", shuɗi kuma "kwaikwayi tafiyar wata dabba mu canka". Ga rukunin masu fushi a mako na huɗu, ja ɗin nan ya koma "a ina kake fara jin fushi a jikinka?" Ga matasan da ke shirin barin sakandare, ya zama "wace shawara ce aka ba ka da ba ka yarda da ita ba?" Katakai ba su sauya ba, takarda ce kawai aka sauya. Haka ake yi da katin wasan UNO mai launi huɗu, ko ƙwallo mai laushi da aka rubuta wa lambobi, wanda ya cafe ya dubi lambar da babban yatsansa ya taɓa. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, guntayen takardu a cikin jaka suna yin aikin nan ba ragi.

Akwai wata riba kuma a maimaita wasa ɗaya. Yaron da ke cikin damuwa yana samun natsuwa idan ya san abin da zai tarar. Ba a ɓata minti goma wajen bayanin ƙa'ida, hankalinsa kuma ba ya rabuwa tsakanin koyon wasa da sauraron 'yan'uwansa.

Zurfin tambaya

A nan ne gwaninta take, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Masana halayyar ɗan Adam Irwin Altman da Dalmas Taylor sun yi bayani a 1973 cewa kusanci tsakanin mutane yana ginuwa ne daki-daki, daga abubuwan sarari zuwa na ciki, kuma ana yinsa ne ba-ni-in-ba-ka. A 1997 Arthur Aron da abokan aikinsa suka gwada wannan da ɗaliban jami'a da ba su san juna ba. An haɗa su bibbiyu, aka ba su tambayoyi 36 da aka kasa gida uku, kowane kashi ya fi na baya zurfi, a cikin minti 45. Waɗanda suka bi wannan tsari sun tashi suna jin kusanci da juna fiye da waɗanda aka ba tambayoyin hirar sama-sama. Abin lura shi ne tambayoyin ba su fara daga zurfi ba, hawa-hawa suka yi, kuma kowa ya amsa abin da ɗan'uwansa ya amsa. Manya ne aka gwada, amma darasin ya fi zama dole ga yara, waɗanda bayan an tashi za su koma aji ɗaya da filin wasa ɗaya da waɗanda suka ji sirrinsu.

Saboda haka tambayoyin zaman farko su tsaya kan zaɓi da sha'awa, irin waɗanda babu amsar da za ta kunyata mai ita: safiya ka fi so ko yamma? Da za ka iya tashi sama ko ka iya ɓacewa, wanne za ka ɗauka? A zama na biyu da na uku a matsa zuwa ga abin da ya taɓa faruwa da ra'ayi: wani abu da ka koya da wuya, me ke sa mutum ya zama abokin kirki. Maganar tsoro da rashi da kunya sai rukuni ya nuna zai iya riƙe ta, kuma alamar hakan ba a kalanda take ba. Ana gane ta ne ranar da wani ya faɗi abin da za a iya yi masa dariya, ba a yi ba.

Wasu tambayoyin kuma suna shigowa da rigar sauƙi alhali masu nauyi ne. "Ina ka je da hutu?" ita ce tambayar da aka fi yi a makon farko a makarantu, kuma tana raba ɗaki gida biyu nan take: waɗanda suka yi tafiya, da waɗanda suka yi hutunsu a asibiti, ko cikin rigimar gida, ko wajen aikin taimaka wa iyaye. "Zana mana iyalinka" da "mene ne aikin babanka?" haka suke ga maraya ko wanda ke hannun riƙo. Har wasan nan da kowa ke faɗin abu uku game da kansa, biyu gaskiya ɗaya ƙarya, a canki ƙaryar, ban cika son sa a zaman farko ba. Yana fifita wanda rayuwarsa ke cike da abubuwan burgewa, kuma bai kamata rukunin da ake so a gina kan amana ya fara da gwada wa ya fi iya ƙarya ba. Gyaran ba shi da wuya: maimakon "ina ka je", a ce "faɗi abu ɗaya da ya sa ka dariya kwanan nan". Maimakon "iyalinka", a ce "mutanen da kake jin daɗin zama da su".

Duk da wannan kulawa, malami ba zai san inda kowace tambaya za ta taɓa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce 'yancin cewa "a wuce ni". Masu koyarwa ta hanyar wasannin kasada, musamman Karl Rohnke na ƙungiyar Project Adventure da aka kafa a Amurka a 1971, sun daɗe da yaɗa wannan ƙa'ida, cewa mai wasa ne ke zaɓar iyakar ƙalubalen da zai ɗauka. Faɗar ƙa'idar da baki ba ta isa ba. Malami ya yi amfani da ita da kansa tun a zaman farko, ya zari takarda ya ce, "Wannan a wuce ni yau, bari in ɗauki wata," domin yara su ga babu abin da ya biyo baya. Kuma idan yaro ya ce a wuce shi, kada a bi shi da "ka tabbata?" ko "ko kalma ɗaya ce". Wannan lallashin tilas ne cikin taushi, yara kuwa suna gane shi. Sau da yawa wanda aka ƙyale ya wuce sau uku ba tare da matsi ba, shi ne zai buɗe baki a mako na huɗu.

Ƙa'idojin zama ma ana iya fitar da su ta hanyar aiki maimakon a karanto su. A shimfiɗa babbar takarda, kowa ya zana tafin hannunsa a kai, a cikin tafin ya rubuta abin da yake buƙata daga sauran don ya sake, a wajen tafin kuma abin da ba ya so a yi masa. Maganar sirri a faɗe ta ƙarara tun ranar: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, sai fa idan wani na cutar da kai, ko kana shirin cutar da kanka ko wani, to wannan dole in sanar da wanda zai taimaka. A kuma gaya musu gaskiya cewa malami yana iya yin alkawarin bakinsa, amma ba zai iya ɗaure bakin sauran yara ba. Yaro yana da haƙƙin sanin haka kafin ya zaɓi abin da zai faɗa.

Gasa, jiki da murya

A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Muzafer Sherif ya kai yara maza 22, 'yan kimanin shekara 11, wani sansani a jihar Oklahoma, ya raba su gida biyu, ya haɗa su gasa mai kyauta. Cikin 'yan kwanaki aka kai ga zage-zage da ƙona tutar juna. Tara su wuri ɗaya don nishaɗi bai kashe wutar ba. Abin da ya kashe ta shi ne matsalar da sai an haɗa hannu, kamar gyaran hanyar ruwan sansanin da jan motar da ta ƙi tashi. Ba ina cewa gasa haramun ce a rukuni ba. Ga masu saurin fushi ma, shan kaye a ƙaramin wasa a gaban malami dama ce ta gwada haƙuri, amma wannan aikin mako na biyar ne. A farkon shekara a juya wasan ya zama rukuni ne ke karawa da matsala. A Jenga, maimakon wanda ya rushe hasumiya ya zama ya faɗi, a ƙirga hawa nawa muka kai tare, mako mai zuwa mu nemi wuce haka. Wasannin da ake fitar da mutum ɗaya-ɗaya, irin na zagaya kujeru, a ajiye su gaba ɗaya, domin yaron da aka fara fitarwa galibi shi ne wanda aka kafa rukunin dominsa.

Sannan a tambayi kai: wa wannan wasan ya bari a baya? Wasan "tsallako layi idan kai ma haka ne" yana da kyau ƙwarai, domin yana nuna wa yaro a fili cewa ba shi kaɗai ba ne, abin da likitan ƙwaƙwalwa Irvin Yalom ya lissafa tun 1970 cikin manyan hanyoyin da rukuni ke warkarwa. Amma mai keken guragu ko mai ciwon ƙafa fa? A mayar da tsallakawa ɗaga kati mai launi, kuma kowa ya ɗaga, ba shi kaɗai ba. Mai in'ina, da wanda bai gama iya harshen makarantar ba, da wanda kunya ke ɗaure wa harshe, a buɗe musu ƙofar amsawa da zane, ko nuna hoton fuska, ko ɗaga yatsu daga ɗaya zuwa biyar. Wasannin da ke buƙatar riƙe hannu ko faɗawa jikin wani a jinkirta su, domin akwai yaran da taɓawa ke tayar musu da abin da ba mu sani ba, akwai kuma masu lalurar galahanga (autism) da hayaniya da cuɗanya ke rikitawa. Matasa kuwa abin da suka fi tsoro shi ne a mayar da su yara a gaban tsaransu. Da su, a rage tsalle-tsalle, a fara da hira bibbiyu kafin a dawo da'ira, a kuma ba su damar rubuta tambayoyin da kansu ba tare da suna ba, malami ya tace kafin a zuba a jaka.

Bayan an ajiye ƙwallo

Wasan da aka yi aka tashi ba tare da an tattauna shi ba, nishaɗi ne kawai. Terry Borton, wani malamin makaranta a Amurka, ya kawo gajerun tambayoyi uku a 1970 da har yau ake amfani da su: me ya faru, me hakan ke nufi, sai kuma me za mu yi da shi? Minti biyar sun isa. "Da hasumiyar ta fara rawa, me ka ji a jikinka?" "A ina kuma kake jin irin haka a makaranta?" "Me ya taimake ka ɗazu da za ka gwada gobe?" Da haka numfashin da yaro ya ja kafin ya zare katako yake zama dabarar da zai shiga da ita ɗakin jarrabawa. Nazarin da Joseph Durlak da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, wanda ya tattara shirye-shirye 213 na koyar da sarrafa zuciya da zamantakewa ga ɗalibai sama da 270,000, ya gano cewa shirye-shiryen da suka fi tasiri su ne masu bin tsari daki-daki, masu sa yara su yi da kansu, masu ware lokaci ga fasahar da ake koyarwa, kuma masu ambaton ta da sunanta. Shirye-shiryen aji gaba ɗaya aka nazarta, ba na ƙananan rukunai ba, amma saƙon ya shafe mu: motsi shi kaɗai bai wadatar ba, sai an faɗa wa yaro abin da ya koya.

Malamin kuma, yayin da ake wasan, karatu yake yi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wa ke karɓe ragama, wa ke kallon malami kafin ya amsa, wa ke dariya idan wani ya kuskure, wa ke gyara ƙa'ida don kada ya faɗi? Abin da zai gani a minti ashirin na wasa ya fi abin da takardar da aka turo yaron da ita ta faɗa. Dariya musamman a sa mata ido. Thomas Dishion da Joan McCord da François Poulin sun nuna a 1999 cewa tara matasa masu matsalar ɗabi'a wuri ɗaya yana iya ƙara musu matsalar, domin suna saka wa juna da dariya da jinjina duk lokacin da wani ya ba da labarin karya doka. Idan wasan tambayoyi ya fara komawa fagen alfahari da rashin ji, a sauya tambayoyin nan take, a kuma sake duba haɗin rukunin, a sa waɗanda za su zama abin koyi a ciki.

Wani lokaci kuma, duk da tambayar mai sauƙi ce, yaro yakan saki magana mai nauyi a tsakiyar wasa: an tambaye shi abin da ba ya so da dare, ya ce dukan da ake yi wa mahaifiyarsa. A nan malami ba zai yi kamar bai ji ba, ba kuma zai shiga tono a gaban sauran ba. Ya dakatar da wasan, ya dubi yaron ya ce, "Na ji ka, kuma abin da ka faɗa babba ne. Ina so mu yi maganarsa ni da kai da an tashi." Ya tuna wa sauran alkawarin da suka rubuta a takardar tafin hannu, ya ba su ɗan lokaci idan akwai mai son ce wa ɗan'uwansa wani abu na alheri, sannan a ƙarasa zaman da wani aiki mai sanyi wanda kowa ya sani. Ganawar da ya yi alkawari kuwa a ranar za a yi ta, kafin yaron ya koma gida, kuma idan maganar ta shafi lafiyarsa, a bi matakan kare yara da makarantar da dokar ƙasar suka shimfiɗa, a kuma gaya wa yaron wa za a sanar da dalilin sanar da shi.